Itacen da Aka Auna

Shekara goma sha tara na yi ina shugabantar masu girki a wata makarantar kwana a Yendi. Karatuna bai wuce midil ba, amma zancen itace da tukunya na san shi. In aka nuna mini tukunya aka faɗi abin da za a dafa, zan iya ware itacen da zai isa, ba ragi ba ƙari.

A ƙarshen shekarun tamanin, muna shirin shiga dogon hutun damina, wasiƙa ta zo mini daga ƙanena mai fataucin dabbobi a Bawku. 'Yarsa ta fari tana shekarar ƙarshe a jami'a a kudu, ita ce ta farko a gidanmu da ta kai can. An ba ta aikin bincike: ta auna yawan itacen da gidajen zango, wato unguwar Hausawa da sauran baƙi, suke ƙonawa a gari uku, Salaga da Yendi da Bawku, sa'an nan ta nuna wa mata wani murhun laka da aka ce ba ya cin itace. Malaminta ya kafa mata sharaɗi, gari uku cif, kuma awo na gaskiya. In ɗaya ya rasa, sai ta maimaita shekara. Ƙanena ya ce ba zai bar ta ta yi yawon garuruwa ita kaɗai ba, don haka in raka ta.

Na amsa a ranar. Zumunci ne ya sa, amma akwai son sani ma. Ina so in ga abin da ake koya wa mutum a jami'a game da itace, wanda ni da nake cikin hayaƙinsa kullum ban sani ba.

A Salaga muka haɗu. Ta biyo ta Yeji ta haye ruwa a jirgin fito, ni kuma na gangaro daga Yendi. Muka sauka a gidan wata ƙanwar mahaifiyarmu. Kayan aikinta ba su da yawa: sikeli mai ƙugiya irin wanda ake rataya jarirai a asibiti, littafi mai layi-layi, da ƙullin jan zare. Magajiyar zango, wato shugabar mata, ita ta zaɓa mata gida goma.

Tsarin aikin ya burge ni, don ni mai son abu bi da bi ce. Da safe za ta shiga gida ta yi sallama. Za ta ware itacen da ya fi ƙarfin girkin yini ɗaya, ta auna, ta rubuta, ta ɗaure shi da jan zare. Za ta ce wa uwar gida daga cikin wannan kaɗai za a yi girki. Washegari ta dawo ta auna abin da ya saura, bambancin shi ne abin da aka ƙona. Haka har kwana bakwai.

Ta roƙe ni abu ɗaya kafin mu fara. "Gwaggo, don Allah kada ki sa baki. An ce mana in mutane suka ji ra'ayin wani, sai su canza yadda suke yi."

Na ce to. Sai na riƙa zama a ƙofar gida riƙe da laima, ina jiyo su daga ciki.

A gida na farko wata tsohuwa ta ga an rataya dami a ƙugiya, ta ce, "To, Alhamdulillahi, jaririn ya yi ƙiba? Ko a ƙara masa koko?"

Wata ta ce, "Ke 'yar boko, shekara nawa kika yi a makaranta?"

"Wajen goma sha bakwai, Mma."

"Goma sha bakwai, aka ƙare da awon itace! Ai da an kawo ki wurina tun farko."

Yarinyar ta yi dariya tare da su. Ba ta da girman kai, wannan na yaba mata. Ranar ƙarshe ta tara su a gidan magajiya ta gina murhun lakar suna kallo, muka yi sallama.

A cikin lori, kan hanyar Bimbila zuwa Yendi, ta buɗe littafinta a kan cinya tana murna. Ta ce ta samo abin da malaminta zai yi mamaki: matan Salaga ba sa cin itace kusan kwata-kwata, sun fi duk abin da ta karanta a littattafai tattali.

Na ce, "Bar maganar kilo. Nuna mini da hannu."

Ta nuna kamar ƙirare uku, kaurin hannuna.

"Wane gida ke nan?"

"Gidan mai sayar da goro."

"Mutum goma sha huɗu ne a gidan. Koko da safe, doya da rana, tuwon zafi da dare, ga ruwan wankan tsoho. Da ƙirare uku?"

"Haka sikeli ya nuna, Gwaggo."

Ban ƙara magana ba, don na yi alkawarin ba zan sa baki ba. Amma har muka isa Yendi ina ta juya abin a raina. Ko dai matan Salaga suna da wata dabara da ta fi tawa, wadda ya kamata in koya, ko kuma akwai abin da ke faruwa bayan mun fita. Duka biyun ina so in sani.

A Yendi gidana muka sauka, aka zaɓi gida goma a unguwarmu. Kwana na farko, kwana na biyu, sai ga irin awon Salaga ya sake fitowa. A nan kuwa ba wanda zai gaya mini, na san gidajen, na san tukwanensu. Cikinsu akwai maƙwabciyata mai sayar da koko, Badagomba ce da ta yi aure a zango tun tana yarinya. Kullum da asuba hayaƙinta yake fara tashi a unguwar. Littafi kuwa ya ce ƙirare biyu ta ƙona.

Rana ta uku bayan Azahar na ɗauki kasko na shiga gidanta kamar mai neman garwashi. Na fara duba murhu: toka cike, ba a ma kwashe ta safe ba. Na duba bayan murhu: ga guntayen itace, ba na damin da aka auna ba ne. Sa'an nan na ga damin mai jan zare. An ɗora shi a kan duwatsu ƙarƙashin rumfa don kada ƙasa ta jiƙa shi, an lulluɓe shi da tsohuwar tabarma.

Na ce, "Wannan fa?"

Ta ce, "Na 'yarki ne, Yaya. Yana nan lafiya, ko yara ban bari sun je wurin ba."

"Ba ta ce ki yi girki da shi ba?"

"Ta ce mana. Yarinya mai ladabi."

"To me ya hana ki?"

Ta dube ni kamar na yi tambayar wauta. "Yaya, kayan da aka auna aka ɗaure? In masu sayen ƙwarar kaɗanya suka auna buhu suka sa masa alama suka bar shi a ɗakinki kafin lori ya zo, su ma ai cewa suke yi in kin buƙata ki ɗiba. Kin taɓa ganin matar kirki ta ɗiba?"

"Amma ai itacenki ne."

"Kafin a auna, nawa ne."

"To ƙirare biyun da ake rasawa kullum?"

"Ai ba daɗi ta dawo ta ga ban karɓi kyautarta ko kaɗan ba. Sai in zari biyu."

Na tsaya riƙe da kasko. Ni kaina in baƙo ya auna abu ya ɗaure ya bar mini, haka zan yi, kuma haka uwata ta koya mini. Kwana goma ke nan ina zaune a ƙofar gidaje ina jin ana ɗaure dami, ban taɓa kawo wannan a raina ba, saboda idona yana kan kyawun tsarin. Na zaga sauran gidajen a yammacin nan, ɗaya bayan ɗaya. Takwas cikin goma haka suke yi. Wata ma ta koma girki da gawayi a kurfoti, ɗan murhun ƙarfe, tun ranar farko, don gudun kada hannu ya kai ga damin bisa kuskure.

Na dawo na same ta tana jan layi a littafi. Na ce ta ajiye biro. Na gaya mata yadda na gani, gida bayan gida, ban rage komai ba. Ta buɗe shafukan Salaga tana kallonsu.

Ta ce, "Duka ke nan?"

"Duka."

"Kwana bakwai, Gwaggo."

"Kwana bakwai a can, uku a nan. Kuka zai iya jira. Yanzu ki gaya mini abin da malaminki yake nema, ni kuma in gaya miki yadda za a same shi a gidan mutane."

A wannan zaman ne na fahimci dalilin aikin. Ta ce daji yana ja da baya, mata suna ƙara nisa wajen neman itace, kowa ya san haka, amma ba wanda ya san ainihin abin da gida ɗaya yake ci. In ba a sani ba, ba yadda za a ce sabon murhu ya rage wani abu. Na ga hankali a cikin maganar. Ni ma masu kawo mana itace a makaranta sun daɗe suna kukan nisa.

Muka sake tsari, na sa ta rubuta shi a bangon littafin. Na farko, ba zare, ba ɗauri. Na biyu, duk itacen da ke gidan za a fito da shi, har na bayan ɗaki, a auna shi gaba ɗaya, a mayar da shi inda yake. Na uku, uwar gida ce za ta ɗora a sikeli da hannunta, yarinyar ta karanta kawai. Na huɗu, kafin mu fita, ni zan zari itace daga cikin wanda aka auna in tura a wuta a gaban kowa. Na biyar, kowace safiya a tambaya ko an ba maƙwabta aro, ko an karɓa, ko an sayo sabo. Wannan na biyar ni na ƙara, don a unguwarmu itace yana tsallake katanga sau da yawa a yini.

Ta ce, "Amma an ce kada a sa baki."

Na ce, "An yi kwana goma ba a sa ba."

Muka fara Yendi daga farko. Mai koko ta ɗora itacenta a ƙugiya tana cewa yanzu ita ma ta shiga jami'a, a ba ta hula. Washegari awo ya fito yadda hankali zai karɓa. Wani abin ma ya ba ni mamaki: gidan da na ɗauka ya fi kowa ɓarna bai kai wani ƙaramin gida ba, inda ake barin wuta tana ci daga safe har rana don gudun neman ashana. Da ido kaɗai ba zan taɓa gano wannan ba.

Murhun lakar kuma na sa ta gina ɗaya a gidana na gwada da kaina. Ya riƙe zafi, ba musu, iska ba ta kwashe wutar. Amma da na zo tuƙin tuwo, bakinsa ya fara tsagewa, don ba inda za a kafa ƙarfen da ake take tukunya da shi. Na gaya mata, ta rubuta. Ta ce wanda ya zana murhun ba ta jin ya taɓa tuƙa tuwo.

Daga Yendi muka bi ta Tamale da Savelugu da Bolga muka isa Bawku. Na daɗe ban je ba. A can abin ya bambanta, itace ya yi wuya, yawancin gidaje da karan dawa da na gero suke girki, ga shi damina ta yi nisa, karan bara ya kusa ƙarewa. Kara ba nauyi, sai yawa. Ƙugiya ba ta riƙe shi, sai muka riƙa naɗe shi a tsohon zane muna ratayawa, a cire nauyin zanen daga baya. Na lura da yadda suke yi: dole mutum ɗaya ya zauna a bakin murhu yana turawa ba tsayawa, don wutar kara ba ta jira. Na tambayi wata Bamosa yadda take dafa wake da shi. Ta ce jiƙa shi take yi tun safe, ta sa kanwa, ta rufe tukunya ta danne da dutse. Wannan na ɗauka na kai makarantarmu daga baya.

Aikin Bawku ya tafi daidai har kwana bakwai. Saura maganar Salaga. Kwana takwas suka rage a buɗe jami'a.

Bayan La'asar muna zaune a tsakar gida, ƙanena ya dawo daga kasuwar dabbobi, aka gaya masa yadda ake ciki. Ya lissafa da yatsu: kwana biyu zuwa Salaga in hanya ta yi kyau, kwana biyu daga can zuwa makaranta.

Ya ce, "Wannan wahalar ta mece ce? Yaya, ke kin ga gidajen nan goma, kin san mutanen ciki. Ki faɗa mata abin da kowanne zai ci, ta rubuta. Wa zai zo daga kudu ya duba murhun Salaga?"

Yarinyar ta dube ni. Na ga gajiya a fuskarta. Rabonta da gida wata tara, uwarta ta yanka mata zabi, ƙannenta suna manne da ita. Na san in na buɗe baki na faɗi adadi, za ta rubuta.

Na ce, "Zan iya faɗa, kuma zai yi kusa. Amma a Yendi, unguwata, na yi kuskure a gida biyu. In na yi kuskure a inda nake kwana, me zan ce game da Salaga? Kuma in malaminta ya tambaye ta wa ya auna, ta ce wa?"

Ƙanena ya ce, "Ke dai tun muna yara haka kike. In aka ce a share ɗaki sai kin ɗaga tabarma."

"Kai kuma tun muna yara ƙarƙashinta kake turawa."

Matarsa ta yi dariya har ta rufe baki da mayafi. Sai yarinyar ta ce, "Baba, in na tafi gobe zan samu kwana huɗu."

"An ce miki bakwai."

"Zan rubuta huɗu, in faɗi dalili. In ya ƙi karɓa, ya ƙi."

Ya daɗe yana kallonta. Daga baya ya tashi ya ce bari ya je tasha ya kama mana wuri a motar safe.

Kwana biyun muka yi a hanya. Tsakanin Tamale da Salaga lori ya kafe a laka sau biyu, muka sauka maza suka tura. Da muka isa muka wuce gidan magajiya kafin mu ajiye kaya. Ni na yi bayani, don na san maganar tana buƙatar babba.

Magajiya ta ɓata rai. Ta ce, "Wato riƙon amana ne ya zama laifi?"

Na ce, "A'a, Hajiya. Ku kun yi abin da aka san ku da shi. Mu ne muka shigo gidan mutane ba mu tambayi yadda ake yi ba."

"Ke ma da furfurarki?"

"Ni ma da furfurata."

Ta ɗan sauko. Ta ce amma lokacin aikin gona ne, mata da yawa suna wuni a gonar doya da gyaɗa, ba kowa zai sake zaman jiran sikeli ba. Ta aika aka zaga. Gida shida suka yarda, huɗu suka ce a yi musu haƙuri.

Muka yi aikin bisa tsarin da muka rubuta, ba mu tsallake ko ɗaya ba. Rana ta biyu ruwa ya sauka tun safe, itacen gida ɗaya ya jiƙe ya ƙara nauyi, har awon ya nuna kamar an ƙara itace maimakon a ƙona. Ta so ta share layin. Na ce ta bar shi ta rubuta a gefe cewa ruwa ne, ta yi haka. Gidan mai goro ya fito da abin da gidan mutum goma sha huɗu ya kamata ya ci. Tsofaffin shafukan ma ba ta yage su ba, ta ja musu layi ta rubuta abin da ya faru a ƙasansu.

Ranar da ta cika kwana huɗu na raka ta har bakin ruwa a Makango, na ga ta hau jirgi da akwatinta, na juyo na kama hanyar Yendi, don mu ma an kusa buɗe makaranta kuma ban duba ɗakin ajiya ba.

Wata huɗu ban ji komai ba. Na yi ta tunanin gida shida da kwana huɗu, ko sun isa a kira su gari. Na rubuta wa ƙanena sau ɗaya, ya ce shi ma shiru.

Wasiƙarta ta zo ana tsakiyar zangon karatu, na karanta ta a tsaye a ƙofar kicin. Ta ce malamin ya fara da faɗa, ya ce awon Salaga ya yi kaɗan, ya rage mata maki a kansa. Sa'an nan ya zaunar da ita wajen awa guda yana tambayarta labarin masu sayen ƙwarar kaɗanya, ya sa ta rubuta shi a babi na daban, ya ce ɗaliban da za su fita baɗi sai sun karanta shi kafin a ba su sikeli. Bai ce ta maimaita shekara ba. Da shekara ta ƙare, ta gama tare da 'yan ajinta.